Tarihin Dalkuroz, Malamin Da Ya Haɗa Kunne Da Ƙafa

Duk wanda ya taɓa fita gwajin koyarwa a makarantun firamare na nan Garki ya san abin da a kan yi da safe. A kan jera yara sahu sahu, a buga ganga, su taka zuwa azuzuwansu. To, ba a rasa yaro ɗaya ko biyu a cikin sahu waɗanda ƙafarsu ba ta tafiya da ta jama'a. In an ɗaga hagu su ɗaga dama, in an tsaya su yi karo da na gabansu. Sauran yara su yi ta dariya, malami kuwa in ba mai haƙuri ba ne sai ya kai hannu ga bulala. Saboda irin waɗannan yara ne muka ga ya kyautu mu ba da tarihin wani malami Bature wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken wannan al'amari. Abin da ya gano a cikin aji, shi ne likitoci suka komo suna amfani da shi yau wajen taimakon marasa lafiyar da tafiya ta gagare su. Sunansa Emil Jak-Dalkuroz, da rubutun Faransanci kuwa Émile Jaques-Dalcroze.

An haife shi ran 6 ga watan Yuli, 1865, a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. Amma iyayensa ba mutanen can ba ne, mutanen Suwizalan ne daga yankin da a ke jin Faransanci. Ubansa fataucin agogo ya kai shi Biyana, gama ƙasarsu ta yi suna ƙwarai wajen ƙirar agogo. Tun yana ƙarami aka sa shi koyon fiyano. Da ya kai shekara 10, watau cikin 1875, sai iyayensa suka kwashe iyalinsu suka koma gida, suka zauna a birnin Jeniba. Nan ya yi makarantar boko, nan kuma ya shiga babbar makarantar kiɗa ta birnin.

Cikin 1884 ya tafi Faris ya ƙaro ilmin kiɗa da na wasan kwaikwayo. A wannan zamani ne ya ƙara wa sunansa tsawo. Da can Emil Jak kawai a ke kiransa, sai ya tarad da akwai wani mai tsara kiɗa a Faransa wanda su ke suna ɗaya. Don kada a riƙa rikita su, sai ya ari sunan wani abokinsa Balkuroz, ya sake harafin farko, ya liƙa wa nasa. Da sunan aron nan duniya ta san shi.

Cikin 1886 ya sami aiki a wani gidan wasa a birnin Aljiyas, can Afirka ta Arewa, ya zama mataimakin shugaban makaɗa. Bai daɗe can ba, amma zaman ya yi masa rana. Ya saurari makaɗan Larabawa, ya ji karin kiɗa iri iri masu sarƙaƙiya waɗanda bai saba ji a Turai ba, ya kuwa ga mutanen da ba su taɓa karanta kiɗa a takarda ba suna bin sa daidai, ba kuskure. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Daga nan ya koma Biyana ya yi karatu wajen mashahurin malamin nan Anton Burukna, ya sāke komawa Faris wajen su Gabriyel Fore. Ya kuma amfana da wani ɗan ƙasarsu, Matis Lusi, wanda ya yi zurfin bincike a kan karin kiɗa.

Cikin 1892, yana da shekara 27, aka ba shi malanta a makarantar kiɗa ta Jeniba, inda shi kansa ya yi karatu. Aikinsa koyar da ilmin haɗa muryoyi. Ba a jima ba sai ya ga wani abu da ya dame shi. Almajiransa sun haddace dokoki, suna rubuta kiɗa a takarda ba tare da kuskure ba, suna cin jarrabawa, amma ba su jin abin da suka rubuta a cikin kunnensu. Waɗansu kuma yatsunsu sun ƙware a kan fiyano, amma ba su iya riƙe kari. Su yi sauri nan, su yi nawa can. Kamar yaron da ya haddace jadawalin lissafi ne, amma in aka aike shi kasuwar Garki bai san canjin da za a ba shi ba.

Wani malami da sai ya ce laifin yara ne, ya ƙara musu aikin gida. Shi kuwa sai ya zuba musu ido. Ya lura in kiɗa ya yi daɗi, mutum ya kan kaɗa ƙafa ko ya gyaɗa kai ba da saninsa ba. Ya kuma lura almajirin da ya kasa riƙe kari a kan fiyano, in ya tashi tafiya takunsa daidai ya ke zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya fi wani tsawo. Ashe karin yana nan cikin jikinsa, hanyar fito da shi ce ba a samu ba. Sai Dalkuroz ya ce a ransa, tun da haka ne, a fara da tafiya, gama ita ce kiɗan farko da kowane ɗan Adam ya iya.

Mu nan ƙasar Hausa wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu, ko da ya ke ba mu rubuta ta a littafi ba. Dubi mata uku a kan turmi guda suna lugude, taɓarya ba ta karo da 'yar'uwarta. Dubi samari wajen gayya, gangar noma na tashi, garemani na sauka tare kamar hannu ɗaya ke riƙe da su, mutum ya yi aikin da ba ya iya yi shi kaɗai. Dubi 'yammata a dandali suna gaɗa, tafi da tsalle da faɗawa duk a kan lokaci. Babu wanda ya ƙirga musu. Kunne ne ke ba da umurni, jiki na bi. Abin da Dalkuroz ya yi shi ne ya ɗauki wannan halitta ya tsara ta darasi darasi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ga yadda darasinsa ke tafiya. A kan kau da kujeru a bar fili. Malami ya zauna wajen fiyano yana ƙirƙirar kiɗa nan take, ba daga takarda ba, don ya riƙa sake shi gwargwadon abin da ya ga almajirai na yi. Su kuwa suna zagaya ɗakin ba takalmi, kowane bugu taku ɗaya. In kiɗa ya yi sauri su yi sassarfa, in ya lafa su lafa, in ya tsaya su tsaya cik. In sun iya wannan sai a ƙara musu, hannuwa su riƙa nuna ƙirgar kiɗan, ƙafafu na taka karinsa. Gaba kuma hannun dama ya buga uku a lokacin da na hagu ke buga biyu. Akwai kuma wata 'yar kalma da malami kan faɗa ba zato ba tsammani, da jinta sai kowa ya ja taku ɗaya da baya, ko ya tsallake bugu ɗaya, ko ya juya, bisa ga yadda aka shirya tun farko. Manufar wannan ita ce jiki ya koyi farawa da dainawa a daidai lokacin da a ke so, kada ya riga, kada ya makara.

Hukumar makarantar ba ta yi murna da wannan sabon abu ba. Dattawan wurin suka ga ai wasan birai ne, ba karatu ba, balle ga 'ya'yan mutane suna yawo ba takalmi. Suka ƙi ba shi ɗaki. Bai yi fushi ya bar aikin ba, bai kuwa bar bincikensa ba. Sai ya nemi ɗaki a waje, ya tara almajiran da suka yarda, suka ci gaba. Mai haƙuri ya kan dafa dutse. Cikin 1905 ya kai almajiransa wani babban taron makaɗan Suwizalan a garin Solotun, suka nuna abin da suka koya, jama'a suka yi mamaki. Cikin 1906 ya buga littattafan da suka bayyana hanyarsa, ya kuma fara horad da malamai.

A cikin waɗannan shekaru ya yi abota da Edwar Kilafared, wani likita masanin halayyar yara a Jami'ar Jeniba, wanda ya taimake shi fahimtar abin da ke gudana tsakanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da tsoka. Daga nan ne Dalkuroz ya tabbata cewa yawancin masu kasa bin kari ba wauta ke damunsu ba, ba kuwa taurin kai ba. Sun ji kiɗan sarai, sun san abin da a ke so su yi, amma saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika ya kan isa gaɓoɓi a makare, ko kuwa wata tsoka ta ɗaure a lokacin da ya kamata ta saki. Ya kuma yi imani hanyar saƙon nan tana gyaruwa da horo, kamar yadda turba ke fita in an yawaita binta. Wannan ita ce babbar maganarsa, ita ce kuwa ta kai aikinsa har cikin asibiti.

Cikin 1910 waɗansu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Wolf Don da Harald Don, suka gayyace shi ƙasarsu. Ana gina wani sabon gari mai suna Helerau kusa da birnin Diresdin, suka ce in ya zo za su gina masa makaranta yadda ya ke so. Ya bar Jeniba bayan shekara 18 yana koyarwa, ya tafi da matarsa, wata mawaƙiya 'yar Italiya da ya aura cikin 1899, da ɗansu Gabriyel, da almajiransa masu yawa. Aka gina makaranta mai babban zaure. Kafin shekara huɗu almajirai sun kai wajen 500, daga ƙasashe dabam dabam. Cikin 1912 da 1913 aka yi bukukuwa a makarantar, manyan marubuta da shugabannin gidajen wasa na Turai suka zo kallo, har da Banad Sho na Ingila. Cikin 1913 kuma aka buɗe makarantar hanyarsa a Landan.

Amma duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya. A farkon 1914 Wolf Don ya yi haɗari a kan duwatsu ya mutu. Da bazarar shekarar nan Dalkuroz ya zo Jeniba don shirya bikin cikar birnin shekara 100 da haɗuwa da sauran Suwizalan. Yana nan sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Cikin watan Satumba sojan Jamus suka yi ruwan igwa a kan tsohuwar majami'ar birnin Rims a Faransa. Waɗansu masu fasaha na Jeniba suka rubuta takardar nuna rashin yarda, shi ma ya sa hannu, alhali kuwa makarantarsa da duk abin da ya gina suna hannun Jamus. Jaridun Jamus suka yi masa ca, ƙofar Helerau ta rufe gare shi. Yana da shekara 49 ya wayi gari ba makaranta.

Mutanen Jeniba suka ga bai kamata su sāke sakaci da shi ba. Abokansa suka tara kuɗi, cikin 1915 aka buɗe masa makaranta da sunansa a cikin birnin, tana nan kuwa tana aiki har yau. Nan ya zauna sauran kwanakinsa, ban da shekara biyu da ya yi a Faris daga 1924 zuwa 1926. Cikin 1920 ya tara maƙalunsa a kan kari da kiɗa da tarbiyya ya buga su littafi guda, aka juya shi da Turanci cikin 1921. Ya kuma tsara ɗaruruwan waƙoƙi, da yawansu na yara ne, waɗanda a ke rerawa ana motsa jiki.

A wannan zango ne hanyarsa ta fara shiga wurin naƙasassu. Shi da kansa ya yi rubutu a kan yadda za ta taimaki makafi su san faɗin wuri, su yi tafiya ba tsoro. Wani almajirinsa, Lungeras, ya gwada ta da makafi a birnin Basalona. Amma wadda ta fi yin suna a wannan fage ita ce wata almajirarsa, Mimi Shaibilawa, wadda aka haifa cikin 1891 ta rasu cikin 1968. Ta yi shekaru masu yawa a birnin Zurik tana aiki da yara kurame da masu taɓin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda mutanen zamanin suka yanke wa ƙauna cewa ba su koyuwa. Da ganga da ƙwallo da igiya ta riƙa jawo su har su motsa, su kula, su bi umurni.

Dalkuroz ya rasu a Jeniba ran 1 ga watan Yuli, 1950, saura kwana biyar ya cika shekara 85. Shi ba likita ba ne, ba shi kuwa da na'urar auna abin da ya ke faɗi. Ido da kunne kaɗai ya ke da su. Sai bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa aka sami masu aunawa.

Kafin mu faɗi abin da suka samu, bari mu ɗan bayyana cutar. Tafiya aiki ne da lafiyayyen mutum ke yi ba tunani, ya kan yi taku 100 zuwa 120 a minti ɗaya, yana tafe yana taɗi. Abin da ya sa haka, akwai waɗansu sassa a can cikin ƙwaƙwalwa masu aiki kamar makaɗin ɓoye, su ke ba ƙafa lokaci. In suka sami lahani sai tafiya ta rikice. Ciwon makyarkyata, wanda wani likitan Landan mai suna Jems Fakinsin ya bayyana cikin 1817 har aka sa wa ciwon sunansa, ya kan sa mutum ya riƙa jan ƙafa da gajeren taku, wani lokaci ma ƙafar ta kafe a bakin ƙofa kamar an liƙe ta. Wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, takun ƙafa ɗaya ya kan fi na ɗayar tsawo. Wanda kuma ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya ta taɓu, ya kan yi tangaɗi kamar mashayi, alhali bai sha kome ba. Abin da masana suka gano shi ne sashen ji da sashen motsi a ƙwaƙwalwa suna da igiyoyi masu ƙarfi tsakaninsu. Saboda haka in makaɗin ciki ya gaza, ana iya aro na waje. Mutum ya ji bugu yana zuwa daidai daidai, ƙwaƙwalwa ta san sa'ad da na gaba zai zo, ta shirya ƙafa tun kafin ya iso.

Cikin 1996 wani masani, Maikel Taut, da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka suka buga sakamakon wani gwaji. Su ba almajiran Dalkuroz ba ne, ta hanyar ilmin jijiyoyi suka biyo, amma wuri ɗaya suka ɓulla da shi. Sun ba masu ciwon Fakinsin kaset na kiɗa mai bugu bayyananne, suka sa su tafiya da shi kullum a gida har mako uku. Da aka auna, sai aka tarar saurin tafiyarsu ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, takunsu kuma ya ƙara tsawo. Cikin 1997 suka nuna irin wannan amfani ga masu shanyewar ɓarin jiki.

Sa'an nan aka gwada hanyar Dalkuroz kanta a garinsa. Cikin 2011 likitocin asibitin Jami'ar Jeniba, Dokta Andireya Turombeti na gabansu, suka buga labarin gwajin da suka yi da tsofaffi 134 masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda a ke jin tsoron faɗuwarsu. Aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya suka riƙa zuwa darasin sa'a guda kowane mako har wata shida, ana buga musu fiyano suna takawa, ɗaya kashin kuwa aka ce su jira. Waɗanda suka yi darasin, faɗuwarsu ta ragu da fiye da rabi in an gwada da na masu jira, takunsu kuma ya fi daidaita ko da an sa su tafiya suna ƙirga da baya. Kada a raina wannan. Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa, tsofaffi kuwa su suka fi yawa. Wa bai san tsohuwar da ta zame a bayan gida ta karye a ƙugu, daga nan ba ta ƙara tashi ba?

Amma sai mu yi hattara, kada mu ɗora wa kiɗa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ba ya warkad da ciwon Fakinsin, ba ya maye gurbin maganin likita, taimako ne kawai ga tafiya. Ga masu tangaɗi saboda ƙaramar ƙwaƙwalwa, gwaje-gwajen da aka yi kaɗan ne, mutanen da aka gwada kuma ba su da yawa. Har wa yau, bugun da ya fi ƙarfin mara lafiya sauri yana iya kā da shi. Don haka a kan fara auna takun mutum, a sa bugun daidai da shi, sa'an nan a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Wannan aikin ma'aikatan sashen gashi da motsa jiki na asibiti ne. Wanda ke da irin wannan mara lafiya a gida, sai ya tambaye su kafin ya fara.

Abin da ya rage namu ne, mu da za mu riƙe aji. Ba mu da fiyano, amma ba mu rasa ganga ko gwangwani ba, tafin hannu kuwa kowa na da shi. In ka ga yaro ya kasa bin sahu, kada ka fara da bulala. Ka dubi yadda ya ke tafiya in yana shi kaɗai, ka buga masa daidai da takunsa har ya ji shi da gangar sun zama ɗaya, sa'an nan ka ja shi sannu sannu zuwa na jama'a. Haka Dalkuroz ya yi, kiɗa ya fara bin almajiri kafin almajiri ya bi kiɗa. In kuwa ka ga yaron na yawan faɗuwa, ko yana tangaɗi, ko yana jan ƙafa ɗaya, to, abin ya wuce aikin malami, sai ka kira iyayensa ka ba su shawara su kai shi asibiti tun da wuri.

Sauran malaman makarantar kiɗa ta Jeniba sun ga almajiran nan da Dalkuroz ya gani, sun kuwa ga kuskurensu. Su sai suka yi maki suka wuce, shi kuwa ya tsaya ya tambayi kansa dalili. Tambayar nan ce ta taso daga aji, ta bi ta makarantun kurame da makafi, har ta isa ɗakunan asibiti bayan shekara 100. Allah ya ba mu idon lura da haƙurin zama da 'ya'yan mutane, amin.